Tiyub Ɗin Keken Tsere: Butil, Lateks Ko TPU?

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Hirar yau ta mahaya keke ce, musamman keken tsere mai siraran tayoyi da lanƙwasasshen kai, irin wanda ake gani a gasar Tour de France ta Faransa ko Tour du Faso ta Burkina Faso. Wasan yana ta samun karɓuwa a Afirka. A 2024 Biniam Girmay, ɗan ƙasar Eritiriya, ya lashe koriyar riga a Tour de France, sannan a watan Satumba na 2025 birnin Kigali na Ruwanda ya karɓi baƙuncin gasar duniya, karo na farko a nahiyarmu. Mu ma nan, wanda ya fita da sassafe ranar Asabar a Abuja ko Kaduna ko Kano, yana iya cin karo da ayarin matasa sanye da hular kwano, sun sunkuya a kan keke suna ta sheƙa gudu.

Irin waɗannan matasa in sun zauna hira, zancen nauyin keke ake yi da birki da taya. Tiyub kuwa, wato robar nan ta ciki mai riƙe iska, ba a cika tuna shi ba sai ranar da taya ta sace. Alhali yana da hannu a gudun keke, da laushin tafiya, da kuma ko mutum zai dawo gida a kan kekensa ko yana turawa. A kasuwar duniya yau tiyub iri uku ne ke gaba: na butil, na lateks, da na TPU. Za mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu ga wanne ya dace da wa.

Bari mu ɗan waiwaya baya. A 1888 wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop, mazaunin birnin Belfast, ya ƙirƙiro taya mai iska domin keken ɗansa, saboda tayar daskararriyar roba tana jijjiga yaron. Shekara guda bayan nan, wani mahayi mai suna Willie Hume ya shiga tsere da irin wannan taya ya bar kowa a baya. A 1891 kuma 'yan'uwan nan biyu na gidan Michelin a Faransa suka fito da tayar da ake iya cirewa a yi wa tiyub faci a mayar, Charles Terront ya hau ta ya ci tseren Paris zuwa Brest da dawowa, tafiyar kusan kilomita 1,200. Tiyub ɗin wancan zamani duk na danƙon itacen roba ne. Sai a 1937 wasu masana kimiyya biyu a Amurka, William Sparks da Robert Thomas na kamfanin Standard Oil, suka haɗa robar butil daga sinadaran man fetur. Da Japan ta mamaye gonakin roba na Malaya da Indonesiya a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, danƙo ya yanke, dole aka rungumi robar masana'anta. Tun daga nan butil ya kama kasuwa bai saki ba.

To, ta yaya abin da ke ɓoye cikin taya zai shafi gudu? Ku saurara da kyau, domin nan ne gindin maganar. Inda taya ta taɓa kwalta, nauyin mahayi yana danne ta ta ɗan baje. Da wili ya juya, wurin ya miƙe, na gaba da shi ya baje. A kilomita ɗaya wilin keken tsere yana juyawa kusan sau 475, kuma a kowane juyi taya da tiyub suna lanƙwashewa suna miƙewa tare. Roba ba ta mayar da duk ƙarfin da aka lanƙwasa ta da shi. Wani kaso yana zama zafi ya salwanta. Wannan asarar daga cinyar mahayi take fita. Roba mai kauri da tauri ta fi cin ƙarfi, siririya mai saurin dawowa ta fi mayar da shi. Saboda haka abubuwa huɗu ake duba wa kowane tiyub: yawan ƙarfin da yake ci, nauyinsa, yadda yake riƙe iska, da yadda ake gyara shi in ya huje.

Mu fara da butil, baƙin tiyub ɗin nan da kowa ya sani, wanda ke cikin keken ɗan makaranta da na mai tallan ruwa da babur ɗin ɗan acaɓa. Babban abin yabonsa riƙon iska. Ka buga masa iska yau, kwana uku ko huɗu abin da zai ragu kaɗan ne. Yana jure zafi, yana jure ajiya, ga araha, kuma babu garin da za ka shiga ka rasa mai iya yi masa faci. Na keken tsere yakan kai giram 100 zuwa 120. Akwai kuma siririn butil, mai giram 50 zuwa 75, kamar wanda kamfanin Continental ke yi, sai dai gwargwadon sirantarsa gwargwadon saurin hujewarsa da zubar da iskarsa. Aibin butil na gama-gari shi ne: a cikin ukun nan shi ya fi nauyi, shi ya fi cin ƙarfin ƙafa.

Na biyu lateks, wanda ake yi da danƙon itacen roba, itacen da asalinsa daga dajin Amazon na Brazil ne. Yau Tailan ce kan gaba wajen noman sa a duniya, a Afirka Kwaddibuwa, a Najeriya kuma ana samunsa a jihohin Edo da Delta da Kuros Riba. Tiyub ɗin lateks ba baƙi ba ne, yakan zo ruwan hoda ko kore, kamfanoni irin su Vittoria da Michelin suna yin sa, nauyinsa wajen giram 70 zuwa 85. In ka ja shi da hannu sai ya yi ta miƙewa, ka saki ya koma yadda yake nan take. Wannan laushin shi ne sirrinsa: ƙarfin da yake ci kaɗan ne, kuma mahayi yana jin tafiyar ta fi santsi. Shekaru da dama tayoyin ƙwararrun 'yan tsere, irin waɗanda ake ɗinkewa a manna a jikin rim, lateks ne a cikinsu. Ko a 2021, Kasper Asgreen ɗan Denmak ya ci babban tseren Flanders na Beljiyam da tiyub ɗin lateks a tayarsa.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Lateks ba ya riƙe iska. Ka buga masa da safe, kafin wayewar gari ya zubar da PSI goma ko fiye a ma'aunin ƙarfin iska, ba don ya huje ba, haka halittarsa take. Mai lateks dole famfo ya zama abokinsa kullum kafin ya fita. Ba ya shiri da rana, ba ya shiri da mai ko giris, in ya daɗe a ajiye cikin zafi sai ya ruɓe ya riƙa tsagewa. Wajen sa shi ma sai an yi hattara, domin laushinsa yana sa ya kutsa duk wata 'yar kafa da ya samu tsakanin taya da rim, ana buga iska sai ka ji fam! Ya fashe.

Masu sauraro, mu ɗan sha iska mu ma, in mun dawo mu ɗora da sabon shiga, wato TPU.

(Kiɗa na ɗan lokaci)

Barkanmu da dawowa. Ga wanda bai jima da kama mu ba, muna magana ne a kan zaɓen tiyub na keken tsere. Mun yi bayanin butil da lateks, saura na uku.

TPU wani nau'in filastik ne mai laushi. Wani kamfanin ƙasar Ostiriya mai suna Tubolito na cikin waɗanda suka fara yayata shi da tiyub ɗinsu ruwan lemo. A 2020 kamfanin Schwalbe na Jamus ya fito da nasa mai suna Aerothan, wanda suka yi tare da kamfanin sinadarai na BASF. Pirelli na Italiya ma ya bi sahu, yanzu kuma na ƙasar Sin masu sauƙin kuɗi sun cika kasuwannin intanet. Wanda ya fara riƙe shi a hannu zai yi mamaki, domin nauyinsa giram 25 zuwa 45 ne kawai, in an naɗe shi tafin hannu ya rufe shi. Wajen cin ƙarfi ya fi butil sauƙi, masu kyau daga cikinsa suna dab da lateks, wajen riƙon iska kuma ya fi lateks nesa ba kusa ba.

To ina gizo ke saƙar? Wuri uku. Na farko kuɗi: na manyan kamfanoni yana ninka kuɗin butil sau da yawa, na arahar kuma ba duka ne ke da inganci ba, wasu tun suna sababbi suke yoyo ta gindin bawul, inda aka manna shi. Na biyu, TPU in ya miƙe ba ya komawa. In ka buga masa iska da yawa a waje kafin ka sa shi cikin taya, sai ya kumbura a wuri ɗaya ya lalace ke nan. In ya zauna a faffaɗar taya, kada ka mayar da shi siririya, zai naɗe a ciki. Na uku, wanda ya fi shafarmu, shi ne gyara.

Ku dubi yadda ake faci a bakin titi. Mai gyaran keke ya zare tiyub, ya ɗan ba shi iska, ya riƙa nutsa shi cikin kwanon ruwa gaɓa-gaɓa har ya ga inda ƙwayoyin iska ke tasowa. Ya goge wurin da tsumma, ya kankare da samfefa, ya lakato sholisho da ɗan yatsa ya shafa, ya jira ya sha iska, ya manna faci ya bubbuga. Mai facin mota kuwa injin gashi zai ɗora shi. Wannan aiki duk na roba ne. Sholisho yana kama butil, yana kama lateks, amma ba ya kama TPU yadda ya kamata. Samfefa tana iya huda shi saboda sirantarsa, wuta kuwa narkar da shi za ta yi. TPU yana da nasa faci na musamman, wanda ake goge wurin da sifirit kafin a manna. In ba ka riƙe shi a aljihu ba, ka yi faci a hanyar ƙauye, mai gyara zai juya tiyub ɗin ya sake juyawa, ya ce, “Yallaɓai, wannan kam ba irin namu ba ne.” Kuma gaskiyarsa.

Sai maganar zafi, wadda ta shafi lateks da TPU baki ɗaya. Keken da birkinsa ke damƙar gefen rim, in aka daɗe ana riƙe birki a doguwar gangara, rim ɗin yana yin zafi ƙwarai, musamman in na kabon ne, zafin kuma yana ratsawa zuwa tiyub. Ku ɗauki gangara irin ta Hawan Kibo a jihar Filato, ko saukowa daga tsaunin Mambila. A irin wannan wuri fashewar tayar gaba ba ƙaramin haɗari ba ne. Shi ya sa wasu kamfanoni ke rubutawa a kwali cewa siririn tiyub ɗinsu na keke mai birkin faifai ne kaɗai. A karanta kwali, jama'a. Sannan a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, iskar da ke cikin taya tana ƙara ƙarfi in keke ya tsaya a rana. Kada a cika taya maƙil da asuba sannan a jingine keke a rana tsaka.

Wani zai ce, to ai ƙwararru sun koma tubles, me ya sa ba za mu bi su ba? Haka ne, yawancin manyan ƙungiyoyin tsere yanzu taya marar tiyub suke hawa, wadda ake zuba wa wani farin ruwa mai toshe ƙananan huji da kansa. Tsari ne mai kyau, amma sai da rim da taya da aka yi dominsa, ruwan kuma yana bushewa bayan 'yan watanni, a ƙasar zafi ma ya fi saurin bushewa. Kuma ko mai tubles, in taya ta yage da yawa, tiyub zai zura ya ƙarasa gida. Ashe dai ba a rabu da Bukar ba.

Yanzu mu zo ga lissafi, domin kada talla ta ruɗe mu. Ƙarfin ƙafar mahayi da wat ake auna shi. Matashi mai ƙoshin lafiya da ya saba hawa yakan riƙe wat 150 zuwa 200 na tsawon lokaci. Wanda ya cire butil ya sa lateks ko TPU mai kyau a ƙafa biyu, abin da zai samu bai cika wuce wat biyar ba. A tseren da ake rabuwa da tazarar daƙiƙa ɗaya, wannan riba ce babba, kuma da wuya a sami wani gyara mai arahar wannan da zai ba da ita. Ga mai hawa don lafiyar jiki kuwa, faci ɗaya a hanya ya cinye ribar mako guda. Batun nauyi ma haka: wanda ya sauya butil biyu da TPU biyu ya rage kamar giram 150. Ledar fiya wata ɗaya giram 500 ce. Kun ga ke nan abin da ya rage bai kai sulusin leda ɗaya ba, a kan mutum da keke da suka haɗu suka kai kilo 80.

Abin da ya fi tiyub tasiri shi ne ita kanta tayar da kuma yawan iskar da ke cikinta. Tiyub mai tsada cikin busasshiyar taya mai tauri asarar kuɗi ce. A da an ɗauka sai an cika taya ta yi tauri tamau sannan keke ke gudu, ana hawan mai faɗin milimita 23 da iska PSI 110 ko fiye. Yanzu ƙwararru sun koma milimita 28 zuwa 30 da iska ƙasa da haka, domin an gane cewa a hanya mai gargada, tayar da ta cika tauri tsalle take yi tana jijjiga mahayi, ƙarfi yana tafiya a banza. Sai dai in iska ta yi kaɗan ainun, kana faɗawa rami rim zai datse tiyub, ka tarar da huji biyu gefe da gefe. Ga hanyoyinmu masu ramuka da fasassun kwalabe da ƙayar tsidau a gefen kwalta, taya mai ɗan faɗi da kauri ta fi komai amfani.

Kafin ka biya kuɗi, duba abu uku. Girma: keken tsere 700C ne, za ka ga lamba 622 a gefen taya, sannan faɗin da aka rubuta a kwalin tiyub ya dace da faɗin tayarka. Irin bawul: na keken tsere siriri ne, ana kiransa Presta, mai ɗan ƙusa a kai da ake kwancewa kafin a buga iska, bawul irin na mota ba ya shiga ramin rim ɗinsa, kuma famfon mai faci ba ya kama Presta sai da 'yar mahaɗa, don haka ka saya ka ajiye. Tsawon bawul: akwai milimita 40 da 48 da 60 da 80. In rim ɗinka mai zurfi ne ka sayi gajere, kan bawul ba zai leƙo yadda famfo zai kama ba.

Wajen sawa kuma, ga yadda masu sana'ar ke yi. Ka zagaya cikin taya da yatsa a hankali, ko akwai ƙaya ko tsinken waya da ya maƙale. Ka duba tef ɗin da ke rufe ramukan sifok, kada ya zame. Ka ba tiyub 'yar iska kaɗan, iyakar ya yi siffa. In lateks ne ka barbaɗa masa hoda. Ka fara zura bawul, ka shigar da sauran, ka mayar da bakin taya da tafin hannu, liba, wato abin ɓamɓaro taya, sai in ta kama dole, domin ita ke cizon tiyub. Kafin ka cika iska, ka bi taya kana matsawa kana leƙawa, gefe da gefe, ka tabbatar babu inda tiyub ya fito ƙarƙashin bakin taya. Minti biyu ne, amma shi ke raba ka da fashewa.

To wanne za a saya? Ga shawararmu. Mai hawa kullum don atisaye ko zuwa aiki, ko mai doguwar tafiya tsakanin garuruwa, ya riƙe butil, shi ne kowa ke iya gyarawa. Wanda zai shiga gasa a kwalta mai kyau, yana da taya mai inganci, kuma ba ya ƙyuyar buga iska kullum, ya sa lateks. TPU ya dace da mai birkin faifai da ke son rage nauyi, ya kuma dace da zama na ko-ta-kwana a jaka saboda ƙanƙantarsa, muddin an haɗa da facinsa. Kuma kowanne ka zaɓa, ka gwada shi kwanaki kafin gasa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yan'uwa mahaya, maza da mata, kada kowa ya fita ba tare da tiyub na ajiya da ƙaramin famfo da liba ba, kuma a sa hular kwano ko da tafiyar kusa ce. Direbobi da masu babur da 'yan adaidaita sahu, don Allah in kun ga mai keke ku ba shi fili, siririyar tayar nan ba ta iya sauka gefen titi da gudu.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau.  

(Kiɗan rufe shiri)